Idan ƙungiyarku ta 'yan kasuwa za ta sayi manhajar rajistar mambobi da karɓar kuɗi, ga yadda za ku bi

Yawanci haka abin yake farawa, ana zaune a taron majalisar zartarwa sai wani daga cikin manya ya ce shi fa ya je Legas ko Dubai ya ga yadda ƙungiyar 'yan kasuwan can take aiki, mamba yana zaune a shagonsa zai biya kuɗin shekara ta waya, rasit ya shigo masa, satifiket ɗinsa ya fito, ba sai ya zo sakatariya ya zauna a benci yana jiran kashiya ya dawo daga banki ba. Kowa ya ce madalla, mu ma a yi mana. Kafin sati ya zagayo an kawo wani matashi da laftof ya haska wa mutane abu a bango, launi mai kyau, lissafi yana hawa yana sauka, nan take a ce ya kawo takardar farashi. Ni na yi shekaru ina aiki a sakatariyar wata ƙungiyar 'yan kasuwa kuma irin wannan saye ya biyo ta hannuna har sau biyu, na farkon ya lalace kuɗin jama'a ya tafi a banza, abin har yau yana min ciwo, na biyun kuma alhamdulillahi ana nan ana aiki da shi. To abin da zan faɗa a nan daga bambancin da na gani tsakanin biyun ne, kuma zai yi wa kowace irin ƙungiya amfani, ko cibiyar ciniki ce irin ta Kano ko ta Kaduna da suke ƙarƙashin NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin ciniki ta ƙasa, ko reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, ko kuma ƙungiyar 'yan kasuwa a wuri irin Kantin Kwari da Dawanau da Singa.

Abu na farko, ku dakatar da mai sayarwa tukuna. Ku ce masa a yi haƙuri za a neme shi. Duk wanda ya fara ganin kayan mai talla kafin ya san buƙatarsa, to buƙatar mai tallan zai saya, a kasuwa ma kun san haka ne. Ka samu littafi da biro ka je ka zauna kusa da kashiya na kwana uku ko huɗu, ba a matsayin mai bincike ba don kada ya tsargu, ka ce masa kawai so kake ka koyi yadda aikin yake tafiya. Ka bi kuɗin mamba ɗaya tun daga lokacin da ya shigo ƙofa: wa ya fara tarar sa, wane littafi aka buɗe, rasit kala nawa ne kuma kwafin nan na kabon ina yake zuwa, yaushe akawu yake shigar da shi a lissafi, wa yake sa hannu a satifiket, kuma idan shugaba ya yi tafiya satifiket ɗin kwana nawa yake yi a kan tebur. Daga nan ka yi haka ga kowane aiki da sakatariya take yi, sabuwar rajista, sabunta rajista, kama rumfa lokacin baje koli, wasiƙar gabatarwa ga mamba mai neman biza, gayyatar babban taron shekara, jerin sunayen waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a. Abin da ka rubuta ɗin nan shi ne takardar buƙata, kuma ba sai da Turanci mai wuya ba, shafi uku ko huɗu ya isa. Ka rubuta shi kamar haka: idan mamba ya biya, rasit mai lamba ya fito kuma ba wanda zai iya goge shi. Ranar Litinin da safe ma'aji ya iya ganin nawa ya shigo a satin da ya wuce ba tare da ya kira kowa ba. Wata ɗaya kafin zaɓe a iya fitar da sunayen waɗanda ba a bin su bashi. Sai ka raba su gida biyu, waɗanda dole ne da waɗanda sha'awa ce kawai. Manhajar waya mai tambarin ƙungiya da za a sauke daga Play Store kusan kullum a ɓangaren sha'awa take, amma ita ce manya suka fi so don ita ake nuna wa baƙi, to sai ka daure ka faɗa musu cikin ladabi cewa a bari sai zagaye na biyu.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, wato rajistar mambobi kanta, domin a nan namu na farko ya mutu. Mun ɗauka muna da rajista, ashe abin da muke da shi littattafai ne manya guda uku masu baƙin bango, da wani fayil na Excel a kwamfutar mai buga takardu, da lambobin waya a wayar sakatare, kuma ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mutum ɗaya za ka same shi sau huɗu, nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, wani wurin Moh'd, a littafin da ya fi tsufa kuma Mamman, ga shi wani lokacin da sunan kamfaninsa ya biya wani lokacin da sunansa. Akwai waɗanda Allah ya yi wa rasuwa shekaru da suka wuce, ɗansu ya ci gaba da shago yana biya da sunan mahaifin don ya riƙe tsohuwar lambar rajista. Akwai kamfanoni biyu masu lamba ɗaya saboda an taɓa canza mai rajista bai san inda na baya ya tsaya ba. Duk wannan tarkacen aka kwashe aka zuba cikin sabuwar manhaja yadda yake, ranar farko da aka aika saƙon tunatarwar bashi sai ga wani dattijo ya shigo ofis da rasit ɗinsa a ninke cikin aljihun babbar riga, ya shimfiɗa shi a tebur ya ce “yaro, wannan ba hatiminku ba ne? Ni za ku aiko wa da takardar bashi?” Na ce “Baba a gafarce mu, kuskure ne daga wurinmu”, amma maganar ta riga ta zaga kasuwa, daga ranar aka daina yarda da duk abin da ya fito daga kwamfutar nan.

Saboda haka kafin a saki ko naira ɗaya ku tsabtace rajista. Ku fara yanke shawara a majalisa, wane ne mamba, kamfani ne ko mutum? Ku duba kundin tsarin mulkin ƙungiyarku, amsar tana ciki. Idan kamfani ne to kowane ya zama yana da layi ɗaya tal, da lambar rajistarsa ta hukumar rajistar kamfanoni wato CAC, mai RC ga kamfani mai BN ga wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, sai a jera mutanen da suke wakiltarsa a ƙarƙashinsa. Wanda bai yi rajistar CAC ba, kuma a ƙungiyoyin kasuwa su ne da yawa, sai a yi amfani da lambar shago da layi da lambar waya. Ga wani ƙaramin abu da yake ɓata aiki sosai: lambar wayar Najeriya guda 11 ce tana farawa da sifili, kuma Excel idan ba a gaya masa cewa wannan rubutu ne ba lissafi ba, cinye sifilin farkon yake yi, sai ka ga lambobin duk sun koma 10. A gyara wannan tun daga farko. Haka nan idan kuna da mambobi daga Maraɗi ko Damagaram, kamar yadda 'yan hatsi da 'yan dabbobi da yawa suke da su, ku tuna lambar Nijar guda 8 ce bayan 227 na ƙasa, na ga manhajar da ta ƙi karɓar irin wannan lamba sam saboda wanda ya rubuta ta ya ƙulle gurbin a kan guda 11. Aikin tsabtacewar nan ba na mai sayar da manhaja ba ne, shi bai san Alhaji wane ya rasu ba, bai san shagon nan ya koma hannun ƙani ba. Ku ɗauki matasa biyu ko uku na ɗan lokaci, ku haɗa su da tsohon ma'aikacin da ya fi kowa sanin mutane, a bi layi layi ana tabbatarwa. Zai ci wata ɗaya ko biyu, kuma ko da a ƙarshe ba ku sayi komai ba kun ci riba.

Sai maganar waye zai riƙe aikin. A kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar sun isa, a ciki lallai a samu ma'aji da sakatare da wanda zai riƙa taɓa manhajar kullum wato kashiya ko mai rajista, da mamba ɗaya da ya san harkar kwamfuta amma ba ya sayar da ita. Amma a cikinsu mutum ɗaya ne zai riƙa magana da ɗan kwangila. A namu na farko kowa yana da lambar yaron da ya yi mana manhajar, shugaba ya kira ya ce a ƙara kaza, mataimaki ya kira ya ce a cire, shi kuma yana amsa to ranka ya daɗe ga kowa, da aka zo ƙarshe ya kawo lissafin ƙarin aiki da ya kusa kai kuɗin kwangilar, kuma ba ka da bakin musu don da gaske an sa shi. Duk wani canji ya bi ta hannun mutum ɗayan nan a rubuce, da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara. Sannan a tambayi kowane ɗan kwamiti a gaban kowa ko yana da alaƙa da wani cikin masu neman aikin. Ba laifi ba ne ɗan mamba ko surukinsa ya nemi aikin, ƙungiyar kasuwanci ai don a yi ciniki da juna aka kafa ta, amma wanda yake da alaƙa ya fita daga ɗakin lokacin yanke hukunci, kuma a rubuta hakan a rahoton taro. Wannan rahoton ku adana shi da kyau domin shugabanci na juyawa, sababbi idan sun hau abu na farko da suke tambaya shi ne wa ya ba da izinin kashe wannan kuɗi.

Hanyoyin samun manhajar kusan uku ne. Akwai ta haya wadda take kan intanet kuna biya duk wata ko duk shekara, irin su Wild Apricot da aka yi musamman don ƙungiyoyi masu mambobi. Tana da kyau, ba ruwanku da kula da saba wato kwamfutar da manhajar take zaune a kanta, amma da dala ake biya kuma kuɗin yana ƙaruwa idan sunaye suka ƙaru. Ku tuna kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, duk ƙungiyar da ta yi kasafi a kan tsohon farashi ta ji a jikinta, alhali kuɗin shekarar mambobi ba ya tashi sai an kai ruwa rana a babban taro. Akwai kuma waɗanda kyauta ne a sauke, irin CiviCRM da ake ɗora wa a kan manhajar gina shafin intanet ta WordPress ko Drupal, ko Odoo na kamfanin Beljiyam da yake da nau'in kyauta, su kuɗin da za ku kashe na wanda zai girka ne ya daidaita muku da kuma kula da shi. Ta uku ita ce a rubuta muku taku daga tushe. Ni dai a ra'ayina, ƙungiya mai matsakaicin girma ta fi samun kwanciyar hankali da ta biyu, saboda idan kun ɓata da wanda ya girka za ku iya samun wani da ya san ta. Wadda aka rubuta daga tushe kuwa mutum ɗaya ne a duniya ya san cikinta, ranar da ya samu aiki a Abuja ko ya tafi karatu waje shikenan kun zama marayu. Idan dole sai ita, to ya zama kamfani ne mai ma'aikata ba mutum ɗaya da laftof ba, kuma a rubuta cewa za a miƙa muku asalin rubutun manhajar. Kuma kada ku raina wannan: ƙungiyar da mambobinta ba su wuce ɗari biyu ba, tsabtataccen Google Sheets da littafin rasit mai lamba zai iya riƙe ta shekaru, ba kunya ba ce a ce ba mu kai sayen manhaja ba tukuna.

Wajen lissafin kuɗi kada ku tsaya a farashin da ke kan takarda. Ku yi lissafin shekara uku: kuɗin ajiye manhajar a intanet, sabunta adireshin shafi, kuɗin data, kuɗin saƙon tes, la'adar kamfanin da kuɗi ke bi ta hannunsa, kuɗin kula da gyara duk shekara, firinta da tawada, sai wuta. Manhajar da take kan intanet ba ta da amfani idan ba wuta ba sabis, don haka ƙaramar sola da inbata da za su riƙe kwamfuta biyu da na'urar intanet suna cikin kuɗin aikin, kuma a tanadi layi biyu na kamfanoni daban daban. A tambayi kowane mai neman aiki ko farashinsa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, sannan ku tuntuɓi oditanku a kan harajin da ake cirewa daga kuɗin ɗan kwangila kafin a biya shi, don kada rigima ta tashi ranar biya.

Ku gayyaci aƙalla mutum uku, ku ba su takardar buƙata iri ɗaya, rana ɗaya, ku sa musu wa'adi ɗaya. Ranar gwaji kada ku bari su nuna muku abin da suka shirya daga gida, wannan kullum lafiya lau yake tafiya. Ku ba su sunaye ashirin daga rajistarku, ku canza sunayen da lambobin saboda sirrin mutane amma ku bar matsalolin a ciki, mai bashin shekara uku, wanda ya biya rabi, wanda ya biya sau biyu bisa kuskure, mai lambar Nijar, kamfanin da ya canza suna. Sai ku zaunar da kashiyarku a gaban kwamfutar, shi da hannunsa, ku ce ya karɓi kuɗi ya fitar da rasit. Idan sai mai manhajar ya karɓi linzamin kwamfutar daga hannunsa sau biyar kafin rasit ɗaya ya fito, kun ga amsa. Ku cire intanet ana cikin aiki ku ga me zai faru da kuɗin da aka fara shigarwa. Ku buɗe ta a ƙaramar waya mai arha ba babbar wayar shugaba ba. Bayan haka kowanne ya ba ku sunan wurin da ya yi wa irin aikin nan kuma ake amfani da shi fiye da shekara, ku tashi ku je da ƙafarku, gani ya kori ji, kuma in kun je kada ku tsaya a ofishin shugabansu, ku nemi mai karɓar kuɗi ku tambaye shi yaushe rabon da abin ya tsaya kuma kwana nawa aka yi kafin a zo gyara. Mafi arha a cikinsu ku yi masa tambayoyi fiye da kowa, sau da yawa wani abu ya cire daga lissafi wanda zai dawo ya caje ku daga baya.

Yarjejeniya kuma lauya ya duba ta, ko da ɗan kwangilar ɗan gida ne. Abin da na fi damuwa da shi a ciki shi ne mabuɗai. A namu na farko adireshin shafin ƙungiya da sunan yaron aka yi rajistarsa, da imel ɗinsa, da katin bankinsa, da muka saɓa sai muka wayi gari ba mu da iko da shafin da ke ɗauke da sunanmu da tambarinmu, sai da manya suka shiga tsakani aka yi ta roƙo. Don haka ku buɗe imel na ƙungiya tun kafin a fara, adireshin shafi, ko mai ƙarewa da .ng ne da ke ƙarƙashin NiRA mai kula da adireshin shafukan Najeriya ko .org, da wurin ajiyar manhajar da asusun tura saƙo duk a yi su da wannan imel ɗin, lambar sirrin babban mai iko kuma a rubuta a sa a ambulan a rufe a ajiye a sef, mutum biyu su san da ita. A rubuta ƙarara cewa bayanan mambobi mallakar ƙungiya ne, kuma duk ranar da kuka so za ku iya fitar da su gaba ɗaya a fayil ɗin Excel ba tare da biyan ko kwabo ba, ku gwada fitarwar ma kafin ku biya kuɗin ƙarshe. Akwai kuma doka a kan wannan, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ƙungiyar da take riƙe da sunaye da lambobin waya da adireshin mutane nauyin kare su yana wuyanta, idan aka yi kutse mai haɗari ga mutanen ana so a sanar da hukumar cikin awa 72. To a sa wa ɗan kwangila sharaɗin ba zai ba kowa jerin sunayen nan ba kuma ba zai yi talla da su ba, ku ma kanku kada ku karɓi abin da ba kwa buƙata, ban ga dalilin da zai sa ƙungiya ta tara lambar BVN ta mambobinta ba. Lokacin siyasa za a zo neman lambobin nan, gara a ce akwai rubutacciyar ƙa'ida da sakatare zai fake da ita.

Biya kuma kashi kashi. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, wani kason idan an zuba bayananku an gwada a gabanku, wani bayan an horar da ma'aikata an fara aiki, sannan ku riƙe aƙalla kashi 10 zuwa 20 sai an yi wata uku ana amfani da ita lafiya. Za a zo muku da maganar dala na tashi a taimaka a biya duka, ku ba da haƙuri. A rubuta kuma idan abu ya lalace cikin awa nawa zai amsa, da wace lamba za a kira, da nawa ne kuɗin kulawa bayan shekarar farko.

Ɓangaren karɓar kuɗi yana buƙatar natsuwa. Kamfanoni irin Paystack da Flutterwave da Remita duk ana iya haɗa su da manhaja, amma asusun a buɗe shi da takardun ƙungiya kuma kuɗin ya sauka kai tsaye a asusun bankin ƙungiya, kada ya ratsa ta asusun ɗan kwangila ko na wani ma'aikaci ko da na minti ɗaya ne. Sannan ku sani yawancin mutanenmu taransfa za su yi, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba, kuma matsalar taransfa ita ce Alhaji ba da kansa yake turawa ba, yaron shago ne zai tura daga OPay ko Moniepoint ɗinsa, ko a je wurin mai POS, sai alat ya shigo da sunan da ba ya cikin rajista kwata kwata. Akawu ya zauna da takardar banki yana duba kuɗi ya shigo amma ba a san na wa ba ne. Maganin da ya yi mana aiki shi ne kowane mamba a ba shi lambar asusu tasa ta musamman wadda kamfanonin biyan kuɗin nan suke iya samarwa, duk wanda ya tura a cikinta manhaja ta san na wane ne. Ku tambayi masu neman aikin ko sun taɓa haɗa irin wannan, su nuna muku yana aiki. Wanda ya zo da tsabar kuɗi kuma a karɓa, kada a kore shi. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ba a yin tarayya a lamba ɗaya, mai karɓar kuɗi ba shi ne mai soke rasit ba, kuma duk sokewa ta bar alama da sunan wanda ya yi da lokaci. Wannan kariya ce ga ma'aikacin kirki ranar da odita zai zo, haka za ku bayyana musu, domin gaskiya ma'aikata suna jin tsoron sabon tsari, wani yana ganin korarsa za a yi wani yana ganin an zarge shi. Ku zauna da su tun farko ku faɗa musu abin da zai canza a aikin kowa.

Lokacin farawa ku zaɓe shi da hankali. Kada ya zo kusa da baje koli, kada ya zo wata biyu kafin zaɓen ƙungiya domin duk sunan da ya ɓace za a ce da gangan aka cire shi, kada kuma ya faɗo cikin azumi ko satin sallah lokacin da kasuwa ta ɗauki zafi ba mai lokacinku. Ku fara da rukuni ɗaya ko layi ɗaya na kasuwa, wata ɗaya ko biyu ana rubuta littafi ana kuma shigarwa a kwamfuta, duk Juma'a kafin a tashi a haɗa jimillar biyun a gani ko sun yi daidai. Aiki biyu ne kuma ma'aikata za su yi ƙorafi, a ba su ɗan alawus na wannan lokacin. Amma a sa ranar da za a rufe littafin, a sanar, in ba haka ba shekara za ta zagayo ana kan littafi kwamfuta na shan ƙura. Horo kuma ba na yini ɗaya a otal da shinkafa da lemo ba, mai manhajar ya zo ofis ya zauna da su a kan aikin gaske, kuma kowane aiki mutum biyu su iya shi saboda rashin lafiya da tafiya. A rubuta matakan a takarda ɗaya da Hausa a manna a bango kusa da kwamfutar.

Su kuma mambobi, saƙon murya na Hausa a guruf ɗin WhatsApp ya fi doguwar sanarwa tasiri, musamman idan muryar shugaba ce ko wani dattijo da ake jin maganarsa. Ku sa lura da saƙon tes, layukan da suka kunna tsarin hana saƙonnin talla na 2442 da hukumar NCC ta kawo sau da yawa saƙon da aka tura wa jama'a da yawa ba ya isa gare su, sai ku tambayi mai ba ku sabis ɗin ta wace hanya rasit zai riƙa isa ga irin waɗannan layukan, ku gwada da wayoyin 'yan kwamiti. Dattijon da ya ce shi rasit na takarda mai hatimi yake so, a buga masa a sa hatimi a miƙa masa da hannu biyu.

Sai ajiyar kwafi. Kowane ɗan kwangila zai ce muku ai akwai, kullum dare ana yi. Ku ce ya dawo muku da bayanan jiya a wata kwamfuta daban kuna kallo, a nan za ku san ko akwai. Ban da nasa, duk ƙarshen wata sakatare ya fitar da cikakken jerin mambobi da na biyan kuɗi ya sa a falash guda biyu, ɗaya a sef ɗin ofis ɗaya a wurin ma'aji, saboda gobarar kasuwa ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Ranar da za a biya kason ƙarshen nan da kuka riƙe, ku ɗauko takardar buƙatar da kuka rubuta tun farko, ku zauna da ɗan kwangila da kashiya da ma'aji a bi ta layi bayan layi ana gwadawa, wanda ya yi a sa masa alama wanda bai yi ba a rubuta ranar da za a gyara, a canza duk lambobin sirrin da ya sani a gabansa, sannan ma'aji ya sa hannu a cek.